Igiyar Ƙararrawar Cocinmu

Ƙararrawar cocinmu, a ƙauyenmu bayan Zonkwa, tsohon rim ɗin tirela ce, wato ƙarfen cikin taya, rataye a tsakiyar igiyar da aka ɗaura tsakanin mangwaro da ɗorawa. Shekarar da na dawo gida koyar da kimiyya a sakandare aka canza tsohuwar igiyar, sabuwar kuwa ta kama tsinkewa. Duk sanda ta tsinke sai dattawa su sayo wata, su sa matasa su ja ta har ta miƙe sak, wai kada baƙi su ga kayan Allah kamar shanyar tsumma.

Nan da nan ido ya koma kan ƙanen babana, wai shi ke yanke ta. Gidansa na jikin cocin, ya koma wata ikilisiya bayan wata rigima, ya kuma taɓa cewa ƙarar tana damunsa. Ga shi kullum fuska a murtuke. Aka fara raɗe-raɗin cewa ba mai zuwa masa gayyar tonon citta, shi kuwa ba 'ya'ya a kusa. Ni ma sai da na ɗauki guntun igiyar ina jujjuyawa, ina neman sawun wuƙa. Ban gani ba. Zare-zare ta yi, irin na abin da aka ja har ya gaji.

Ranar Lahadi bayan sujada na tsuguna gaban dattawa, na zana musu a ƙasa. Ƙarfi uku ne suka haɗu a ƙulli ɗaya: rim yana ja ƙasa, ɓangarorin igiya biyu suna ja sama, dole su yi kunnen doki. In igiya ta sassauta, jan kowane ɓangare yana fuskantar sama. In ta miƙe, kusurwar ta ƙanƙance, yawancin jan ya tafi gefe a banza, sai igiya ta ninka wahala kafin ta riƙe nauyin. Abin da nake fama da ɗalibai a kai ke nan a darasin tirigonometiri.

Wani dattijo ya kalle ni a kaikaice. "Malama, baban ki ne kina kare. Igiya da ya miƙe shi ne mai ƙarfi."

Raina ya ɓaci. Na rataya bokitin ruwa a tsakiyar wata igiya, na ba ƙarti biyu, na ce su miƙar da ita. Suka yi ta nishi, ta ƙi. Aka yarda a sassauta ta ƙararrawa, har yau kuma ba ta sake tsinkewa ba. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ranar gayyar, ina hanyar gonarsa da fartanya, na ji wata mata a bakin rijiya tana ce wa 'yar'uwarta, "Kin gani? Tun da ya san ana kallon shi, ya bari."

Mu uku muka tona cittar: ni da shi da matarsa. Da yamma ƙararrawar ta kaɗa, bai ko ɗaga kai ba.