Littafina a Gorar Masunci

Ana sallame sallar asuba muka bar garin Malam Madori, ni da kawuna, ko zakaran gidanmu bai gama miƙa ba. Shi kifin banda zai saro a wani ƙauyen masunta da ke wajen Guri. Ni kuwa ruwa zan je gani, kuma ku 'yan ajinmu kun san dalili. Tun bara nake rubuta labarin Jatau, yaron motar da ya bi sawun ɓarayin dokin ubansa, har na kusa cika littafin rubutu mai kauri. Tun kafin damina na kawo shi bakin kogi, na rasa yadda zan ƙetarar da shi, domin ruwan da na sani bai wuce kududdufin bayan tasha ba. Bawan Allah yana nan tsaye har ƙafafunsa sun kumbura. Littafin kuwa cikin riga na cusa shi. Shi kaɗai ne gare ni, in na bar shi a gida inna ta hura wuta da shi.

Motar katako muka hau, aka ɗora ni kan buhunan gyaɗa kusa da wani rago mai kallon raini. Ramukan hanyar Hadejia, akwai wanda in mota ta faɗa sai an zura guga. Na ce bari in rage wa wani fasinja nisan hanya, na soma karanta masa babin farko. Kafin Jatau ya gama gaida ubansa mutumin ya fara minshari, kamar dai yadda kuke yi mini a ɗakin kwana.

A Hadejia tun kafin ka ga kasuwa hancinka zai gaya maka ka iso. Kifin da a wajenmu sai an zaro sule, nan sisi ne har da gyara. Muka ci burabusko da miyar kifi a wata rumfa, kawu yana ta gaisawa da mutane, rabi Hausa rabi Barbarci. Daga nan muka sami wata motar da ta yi gabas da mu, har inda hanya ta nutse cikin ruwa ta ƙi fitowa.

A nan bakina ya mutu, abin da kun san bai taɓa yi ba. Na zaci zan ga kogi mai gaɓa biyu, irin wanda aka zana mana a allo. Ashe ruwa ne ya kwanta ya shafe duniya, gabas da arewa babu inda ya tsaya sai inda ya haɗu da sama. Itatuwa tsaye a ciki har wuya. Shinkafa ta ɗago kai bisa ruwa, kore shar, iska tana kwantar da ita tana tashi. Furen bado fari fat ya rufe wani sashe, har kana jin kamar ka sauka ka taka. Muka shiga kwalekwale, mai shi yana tura mu da doguwar sanda, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa. Da muka zagaya wani tsibiri, sai tsuntsayen kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya, suka tare rana, inuwarsu ta bi ta kanmu da wani fito mai shiga ƙashi. Kawu da ya sha gani ma sai da ya yi tasbihi. Ni na laluba cikin kaina, duk kalmomin da na tara babu wadda ta kai.

Kusa da ƙauyen ciyawa ta yi kauri, kwalekwale ya tsaya, sai a ƙarasa da ƙafa, ruwa iya ƙirji. Sai na ga dabarar mutanen wurin. Suna da manyan goruna masu ƙaramin baki a sama, kowa ya tuɓe riga ya cusa ciki, ya tura gorar gaba tana yawo. Mai masaukinmu, wani dattijo masunci da ya zo tarye, ya miƙo mana tasa. Na cusa littafina can ƙasa, na bi shi da riga. Da muka hau tudu na zare rigar, ido na kan wasu gauraki biyu da ke taku kamar sun gaji garin. Aka kawo fura. Aka yi azahar.

Abin da ban sani ba, gorar nan ba ta ajiyar kaya ce kaɗai ba. Kanta masunci yake kifa ciki ya yi iyo zuwa wurin ƙugiyoyinsa, kuma duk kifin da ya ciro, cikinta yake jefawa. Ina zaune na hango dattijon can tsakiyar ruwa yana shawagi kamar ƙaton kwaɗo, har ina dariya ina cewa lallai wannan sai ya shiga labarina. Daidai lokacin da ya ɗaga wata tarwaɗa mai tsawon hannuna ya zura ta, na dafa ƙirji na ji wayam.

Ihun da na yi, an ce an ji shi a Auyo. Da ya dawo ya zazzage gorar, kifi ya zubo, littafina ya biyo baya yana nashe-nashe da yauƙi. Tawada ta narke, shafuka sun koma shuɗi kamar an kai su marina. Dattijon ya ba ni haƙuri, ya ce shi ya ɗauka taushin da ya ji a ƙasa tsumma ne. Kawu ya ce, "Malam marubuci, ai ka gode Allah, yau dai an sami masu kwanciya kan littafinka ba su yi minshari ba." Ban yi dariya ba. Na koma bayan bukka, wai ina duba tsuntsaye.

Mahaifiyar dattijon ce ta same ni, tsohuwa tukuf mai kula da banda. Ta karɓi littafin, ta ɓanɓare shafukan a hankali, ta jera su kan ragar da ake gasa kifi, nesa da wuta. Ta ce, "Maigidana, kuka kake kan takarda? Me ke cikinta da ya fi ni?" Na ce labari ne. Ta ce to in faɗa mata, tunda ita ko bai jiƙe ba ba karantawa za ta yi ba.

Na soma da ka. Gaisuwar Jatau da ubansa mai cin shafi da shafi, na manta ta. Kwatancen sirdin dokin da na fi alfahari da shi ma ya ɓace, kuma ba wanda ya nema. Sai ga ni tsakiyar sata da gudu. Matan da ke feɗe kifi suka matso, kawu ya bar cinikinsa. Da na kawo Jatau bakin kogi na yi shiru, don nan littafin ya tsaya. Tsohuwa ta ɗago daga wutarta ta ce, "To, sai aka yi yaya?"

Tun da na fara rubutu ba a taɓa yi mini wannan tambaya ba. Na dubi ruwan, rana ta yi ja tana narkewa cikinsa, na dubi gorar da ke kife. Na ce sai Jatau ya ga wata gora. Kafin a kira magariba ya ƙetare, da tarwaɗa tana dukan cikinsa ta ƙasa, tsohuwa tana dariya har da tari.

Mun dawo gida da kwandunan kifi da littafi mai ƙamshin banda. Inna ta hana shi shiga ɗaki, kyanwoyin unguwa kuwa sun zama masoyana na farko. Abin da na koyo a tafiyar nan: duniya ta fi kududdufin bayan tasha, kuma abin da ruwa ya wanke daga labarina yawanci dama nauyi ne. Na sayi sabon littafi na soma daga farko. Duk shafin da na gama, nakan karanta shi da ƙarfi in saurara ko tsohuwar nan za ta ɗago daga wutarta. In ba ta ɗago ba, inna ta sami na hura tata.