Gashin Zabo a Kunnen Ƙanwata

Duk lokacin da na jiyo daka daga nesa sai hankalina ya koma Aboabo, unguwar da na tashi. Ka taɓa lura? In mace tana daka can ƙarshen unguwa, sai ka ga taɓarya ta sauka tukuna, sannan ƙarar ta iso maka. Tun ina yarinya na ga wannan, amma ban sami wanda zan tambaya ba, kuma a lokacin akwai abin da ya fi shi damuna.

Shekarar da aka sauke tutar Bature ce. Ƙyanda ta shiga gidanmu da bazara, ta kwantar da ƙanwata, wadda ba ta daɗe da fara haɗa magana ba. Ta tashi, amma kunnuwanta suna ruwa, mugunya mai wari tana ɓata zanen goyo. Mma, uwarmu, ta kira ta, ba ta waiwaya. Muka ce rashin ƙarfi ne.

Sai ranar da mota mai lasifika ta shigo unguwa tana shelar 'yancin kai da Dagbanci, yaren Dagomba, da Hausa. Kaji suka watse, awaki suna fizgar igiya. Ƙanwata tana zaune ƙofar gida tana wasa da ƙasa, ko kai ba ta ɗaga ba. Na dubi Mma. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Kaka, uwar Baba, ta ce kunnen toshewa ya yi, abin da ya toshe kuwa buɗe shi ake yi. Kowace safiya sai ta narka man kaɗe a cokali, ta ɗiga, sannan ta zura gashin zabo tana murzawa tsakanin yatsu. Haka ake yi a gidanmu, manya ma suna yi wa kansu, ido lumshe don daɗi. Amma yarinyar ihu take. Ni sai in gudu bayan ɗakin girki in toshe nawa kunnuwan.

"Inna, a hankali," Mma ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke kika haife ta, ni na haifi ubanta. Riƙe min ƙafafun."

Wata safiya gashin ya fito daga kunnen hagu da jini. Ranar Baba yana gida, ya dawo daga fataucin goro. Mutum ne da ba ya ɗaga ido gaban uwarsa, amma ya karɓi gashin, ya karya, ya jefa a murhu. Kaka ta daina amsa gaisuwarsa har aka fara shuka.

Abin da ya fi hana mu sukuni shi ne makaɗan Dagomba. In sun zo wucewa ran kasuwa, sai ƙanwata ta tafi ta ɗora tafin hannu a jikin babbar gangar tana ƙyalƙyala dariya. Maƙwabta su ce, "Ai tana ji, taurin kai ne kawai." Mu koma gida, Mma ta kira ta daga baya, shiru. Yaya za a yi yarinya ta ji ganga, ba ta jin uwarta? Wasu suka fara raɗa cewa iskoki ne. Ni kuwa tsorona ta manta 'yan kalmomin da ta iya, don kullum raguwa suke.

Damina ta yi nisa kafin ruwan kunnen ya bushe. Wata la'asar fanteka ta suɓuce wa Mma, ta faɗi a damar yarinyar. Ta zabura, ta fashe da kuka. Mma ta zauna daɓas a ƙasa cikin laka, ita ma tana kuka. Kunnen dama ya dawo. Na hagu bai taɓa dawowa ba.

Sai da na aurar da 'ya'yana na shiga makarantar manya. Wata rana malamarmu ta zuba gero a kan fatar ganga, ta buga wata gangar kusa da ita. Gero ya kama tsalle, ba wanda ya taɓa shi. Ta ce ƙara girgiza ce da ke tafiya cikin iska, kamar da'irar da ke bazuwa in an jefa dutse a tafki, kuma tafiyar tana ɗaukar lokaci. Ga amsar taɓaryata. Ta ce can cikin kunne akwai wata fata siririya, girgizar ta kaɗa ta, ta miƙa wa wasu ƙananan ƙasusuwa, su kuma su tura ciki, har jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa. Nan na gane gangar Dagomba: da tafin hannu ƙanwata take jin ta.

Na ɗaga hannu. "Malama, in gashin zabo ya taɓa fatar nan fa?"

Ta ce yana iya huda ta, cutar ma tana iya hudawa. Don haka har yau ban san ko ƙyanda ce ko Kaka ba, kuma ba zan yi wa matacciya ƙarya ba.

Yanzu jikokina suna sosa kunne da ashana, suna cusa waya a kunne suna jin kiɗa har ni da ke gefe ina ji. Fizgewa nake, su yi ta gunaguni.

Ranar geron nan ban wuce gida ba, unguwar Kaladan na nufa wurin ƙanwata. Na zauna na zayyana mata komai, fatar, ƙasusuwan, gangar. Ta bar ni har na gama, tana kallon bakina. Sannan ta ce, "Yaya, a hagu kika zauna. Zagayo ki sake."