Ranar da Bayan Yayana Ya Taɓa Ƙasa

Kundin da na rubuta don kammala digiri a sashen ilimin motsa jiki ya shafi tarihin gasar duniya ta ƙwallon zari-ruga, irin wadda ake bugawa mutum bakwai-bakwai. Na san tarihin nan kamar yadda na san hanyar gonarmu. Na san cewa wani mahauci ne a wani ƙaramin gari na ƙasar Scotland ya rage 'yan wasa daga goma sha biyar zuwa bakwai, aka kuma taƙaita lokaci don a gama gasa a yini guda. Na san cewa da aka kafa gasar ta duniya maza kaɗai ke shiga, sai daga baya aka buɗe wa mata ƙofa. Malamaina sun yaba da aikin. Da na dawo Bauranya ina jiran aikin gwamnati, ba ni da komai a hannu sai wannan sani da ƙwallo guda mai siffar ƙwai.

Yayana, wanda nake bi, ɗan kokawa ne. Shekara shida yana shiga fage bayan kaka, daga Kusada har Kankia, ba a taɓa kayar da shi ba. Makaɗin garinmu, wani dattijo mai dasasshiyar murya, yana da kiɗan da yake yi masa shi kaɗai, kuma kirarin duka a kan magana ɗaya yake: bayansa bai san ƙasa ba. Yayana bai yi boko ba. Shi ya tsaya a gona, ni na tafi makaranta. Wannan suna shi ne abin da ya mallaka.

Da aka gama girbi na tara samari a filin firamare bayan la'asar, ina koya musu wasan. Yayana kan tsaya a gindin dalbejiya yana kallonmu.

"Kai ɗan boko," in ji shi wata rana, "wanga wane irin wasa ne? Gaba kuke son zuwa, kuna jefa ƙwallo baya?"

Na fitar da waya na nuna musu hoton bidiyo na gasar, har da ɓangaren mata. Na yi haka ne da alfahari, don su ga girman abin. Suka yi ta dariya suna miƙa wa juna wayar.

Wani abokin karatuna da ke koyarwa a Kafin Soli shi ma ya haɗa samarinsa, muka sa ranar karawa a Kusada. Samarina suna da gudu amma ba su da ƙarfi, don haka na je wurin yayana yana ɗaure damin dawa, na roƙe shi ya buga mana.

"In aka kama ni aka kai ni ƙasa fa?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Yaya, a wannan wasa ba kaye ba ne. Kowa ana kai shi ƙasa. Ka saki ƙwallo, ka tashi, a ci gaba."

"A littafinka."

"A duniya baki ɗaya."

Ya ja igiya ya ƙulle, ya yi murmushi. "To, su gwada mu gani."

Gaskiya na faɗa masa, kuma har yau ina iya kawo dokar da shafinta. Abin da ban yi ba shi ne tunanin 'yan kallo. Labari ya bazu cewa gwarzon Bauranya zai fito, mutane suka cika filin, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya zo kallon zari-ruga. Shi suka zo gani.

Zagayen farko minti bakwai ne. Sau biyu yayana ya ɗauki ƙwallo ya kai ta bayan layi ya ci mana maki, mutum biyu na rataye da shi kamar buhunan ƙaiƙayi. A zagaye na biyu wani siririn ɗan kabu-kabu na Kafin Soli, wanda bai taɓa shiga fagen kokawa ba, ya sunkuya ya rungumi ƙafafun yayana biyu yana cikin gudu. Kamu ne mai tsabta, yadda ake koyarwa. Yayana ya juya a iska ya sauka da baya.

Filin ya yi tsit, sa'annan ya fashe da ihu. Mutanen Kafin Soli suka kwararo ciki, suka ɗaga ɗan kabu-kabun a kafaɗa, shi kansa yana waige-waige bai san abin da ya yi ba. Ni ne alƙalin wasa. Na hura usur har kunnuwana suka toshe, ina cewa, "Ba kaye ba ne! Jama'a, ba kaye ba ne!" Sai wata murya ta fito daga cikin taro: "A wasan mata ma!" Wani daga cikin waɗanda na nuna wa wayar ya riga ya kai labari.

Yayana ya tashi, ya ajiye ƙwallon a hankali, ya ratsa mutane ya tafi. Ba a ƙarasa wasan ba.

Washegari na je gidan makaɗin. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani dalla-dalla: asalin wasan, dokokinsa, yadda manyan 'yan wasan duniya kan faɗi sau da yawa a wasa guda ba wanda ya ce an kayar da su. Ya saurare ni har na gama, yana ɗame tsarkiyar gangarsa.

"Ɗana, ka yi karatu, Allah ya yi albarka. Tambaya guda zan yi maka. Bayansa ya taɓa ƙasa ko bai taɓa ba?"

"Ya taɓa, Baba, amma..."

"Mutum ne ya kai shi, ko tuntuɓe ya yi?"

"Mutum ne."

"Gaban jama'a?"

"Gaban jama'a, Baba."

"To, me kake so in ce? In na buga wancan kiɗan, 'yan Kafin Soli dariya za su yi mana, ni da shi duka. Zan yi mashi wani. Wancan dai ya ƙare."

Yayana bai yarda a yi masa wani ba. Na same shi a zaure na ba shi haƙuri, na ce laifina ne. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na fi samun sauƙi.

"Ba ka yi mani ƙarya ba," in ji shi. "Ni ne ban tambaye ka ba ko mutanen Kusada sun karanta littafin."

Kafin a buɗe fagen kokawa na waccan shekarar ya tafi cirani Legas, abin da bai taɓa yi ba. Yana dawowa da damina, mu yi noma tare, mu gaisa yadda ya kamata. Samari sun zo har gida suna roƙon ya koya musu kamu, ya ce ya manta.

Bara, da kaka, na je kallon kokawa a Kusada. Can bayan taro na hango shi cikin doguwar riga, ya goya hannuwansa a baya. Duk lokacin da 'yan kokawa suka sarƙe, sai in ga kafaɗunsa suna motsi, yana karkata kamar shi ke cikin fage. Na daɗe ina kallonsa. Da ya juyo muka haɗa ido, ya gyara hularsa, ya bi hanyar tasha.