Limamin da Tsayuwa Ta Gagara

Shekarun baya can, lokacin da ake ta maganar an samu 'yancin kai, mahaifina ne limamin ƙauyenmu a ƙasar Kebbe, ni kuma ladaninsa. Ban daɗe da aure ba, ina ji da muryata ƙwarai.

Abin ya faro ne da daina gumi. Tsakiyar bazara, kowa ya jiƙe sharkaf a masallaci, shi rigarsa a bushe ƙamas. Mutane suka ce karama ce. Ni ma, kaitona, har kasuwa nake baza labarin, wai ubana ya wuce gumi.

Sai wata azahar, ya ɗago daga sujada zai miƙe, muka ji rim! Ya zube a gaban sahu. Muka yi maza muka ɗaga shi muka jingina da bango, don a wajenmu ba a barin malami kwance a ƙasa jama'a na kallo. Muna riƙe da shi a zaune, idonsa na juyewa. Da hannunmu ya gaji ya sulale ya kwanta, nan take ya buɗe ido.

"Mi ya faru? Kun sallame?"



Daga nan abin ya zama kullum. A kwance garau yake, ya yi maka fassarar littafi ba tuntuɓe. Ya miƙe kuwa, sai duhu ya rufe masa ido, wuya da kafaɗa su riƙe. In ya ci tuwo ko rana ta take, abin ya fi muni. Dattawa suka ce jini ne ya yi masa yawa yana hawa kai, aka kira wanzami. Duk sati sai an kafa masa ƙaho a ƙeya da gadon baya. Jinin ya fito baƙi, mu ce alhamdulillahi, ciwo na fita. Shi kuwa kullum ƙara lalacewa yake.

Da abin ya ishe ni na ɗora shi a jaki sai Tambuwal, ranar da wani likita yake zuwa rangadi ɗakin shan magani. Likitan ya ɗaura masa abin awon jini a dantse yana kwance, ya sa na tsayar da shi ya sake aunawa. Kafin ya gama, mahaifina ya tafi luu a hannuna.

Malamin asibiti ya fassara mana, don likitan ba ya jin Hausa. Jijiyoyin da ke matse hanyoyin jini in mutum ya miƙe ne suka daina aiki, sai jinin ya gangare ƙafafu, kai ya rasa. Su ne kuma masu sa gumi. Likitan ya ce a daina ƙaho yau ɗin nan, jinin da ke gare shi ma bai isa kai ba. A ƙara masa gishiri da ruwa, a ɗaga gadonsa ta wajen kai, in ya faɗi a bar shi kwance.

Mahaifina bai tambayi ko zai mutu ba. Cewa ya yi, "Tambaya min shi, ina iya tsayuwar raka'a fuɗu?"

Likitan ya girgiza kai. Wannan ba sai an fassara ba.

Mahaifina ya fi kowa sanin hukuncin, shi ya karantar da mu: mai salla a zaune ba ya jan masu tsayuwa. Muna hanyar komawa, da muka hango rumbunan gari, sai ya dube ni.

"Gobe kai zaka shiga gaba," ya ce. "Ni ƙarshen sahu nika zama, kusa ga ƙofa. In kun ji na faɗi, kada wanda ya yanke sallatai."

Haka aka yi. Wallahi ban taɓa jin daɗin limancin nan ba. Ina karatu, kunnena na baya. Wani lokaci ko a zaunen ma sai in ji ya kife, in ci gaba da fatiha, ba halin waiwaye. Gishirin bai yi wani abin kirki ba. Daga baya ko zaman ya gagara, ya koma salla a kwance da ishara, hankalinsa ras, yana jin kiran salla ta katanga. Wata rana na shiga na tarar yana hawaye. Ya ce, "Ba don ciwo nika kuka ba. Sahu nika marmari."

Bai kai damina ta uku ba.

Ni na yi masa salla. Aka shimfiɗe shi a gabana, gari duka a tsaye a bayana, sallar da ba ruku'u ba sujada, tsayuwa ce zalla. Ban san yadda na kai kabbara ta huɗu ba.

Mutane kan ce lokaci na rage zafi. Ni dai bai rage min ba. Na tsufa yanzu, na fi shi shekaru, amma har yau in na ɗago daga sujada a gaban jama'a, sai na ɗan dakata kafin in miƙe. Masu bina suna zaton gwiwa ce. Saurare nake, ko zan ji faɗuwa a ƙarshen sahu.