Inna Mai Wanke Kofunan Kaki

Kafin likitoci su iso, Inna ta riga ta zaga ɗakin masu ciwon ƙirji da bokitinta. Gado bayan gado take bi. Ta ɗauki kofin da majinyaci ya tofa kaki a ciki, ta juye, ta wanke, ta mayar masa inda hannunsa zai kai. Ma'aikatan asibitin suna kiranta Mai Kaki, har a gaban baƙi.

Na san ta ne lokacin da nake jinyar Babanmu. Kaki ya toshe masa ƙirji, numfashinsa yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ni kuwa ina tsaye ina kuka. Inna ta ajiye bokiti, ta kwantar da shi ta gefe, ta lanƙwasa tafin hannunta tana bubbuga bayansa har abin ya fito. Ba ya cikin aikinta. Ta tsokane shi wai ba ta taɓa ganin marowaci irinsa ba, ko kaki ba ya son bayarwa. Baba ya yi dariya har da hawaye.

Da ta ga ina yamutsa fuska, ta ce wani likita ya taɓa gaya mata akwai wasu ƙananan ƙwayoyi shimfiɗe cikin maƙogwaro da hanji, ido ba ya ganinsu. Aikinsu kawai fitar da majina, ta kama ƙura, kada cikin mutum ya bushe.

"To 'yata," in ji ta, "wa kika taɓa ji ya gode wa majina?"

Inna, ke ce kika sa hannu inda mu 'ya'ya muka kau da kai.

Yanzu tari ya kama ta, an sallame ta daga aiki. Likita ya ce ba mai yaɗuwa ba ne. Duk da haka, ranar ban kwana da na je gaishe ta a asibiti, an dafa shayi, aka ware mata kofi, aka manna masa filasta. Tana miƙewa aka jefa shi a shara. Ta gani.

Tana ɗakinta a gida ita kaɗai, ba ta iya barci sai a jingine. Kakin ba ya fita sai an buga mata baya, mutum kuwa ba ya buga wa kansa. Ina zuwa da safe kafin in wuce wurin ɗinki. Daga nan babu kowa.

Na gode, Inna, Allah ya saka.

Ku da kuka fita daga ɗakin masu ciwon ƙirjin nan da ƙafafunku, ku je mata da rana. In ba ku iya buga baya ba, za ta koya muku, tsakanin tari da tari.