Jirginka Bai Koma ga Cibiyarsa Ba, La Samudi

Na Allah ne mu, kuma ga wani namu ya amsa kira. Ranar Laraba, shida ga Nuwamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran La Samudi, tsohon matuƙin jirgin ruwa na garinmu Banda Neira. Ya faɗi a kan yashi, a gindin jirginsa, da gwangwanin fenti a hannu. Kafin masunta su ɗauko shi zuwa asibiti, rai ya yi halinsa.

Yaya Samudi, mako biyu ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ni da na yi shekara talatin ina koyar da yara rubutu, yau na rasa ta inda zan fara.

Kowa a garin nan yana da abin da zai ce a kanka. Shekarar da dutsen wuta na tsallake ya yi amai, sawu bakwai ka yi kana kwaso mutane a cikin toka, har da wata tsohuwa da ta ce ba ta shiga sai da akuyarta. Ka ɗauke su duka biyun. In ka dawo daga teku, gidajen da babu namiji ake fara kai wa kifi, kuma in aka yi godiya sai ka haɗe rai kamar an zage ka.

Amma akwai abin da ka gaya wa mutum ɗaya tak, ni. Jirgin nan na mahaifinku ne. Shekara arba'in da uku da suka wuce kuka saɓa da shi a tsibirinku Binongko, ka kwance jirgin ka taho ba sallama. Ya rasu ba ku sake haɗuwa ba. A al'adarku, ran da aka gama sassaƙa jirgi ana huda masa cibiya a itacen gindinsa, a tattara ɓarɓashin a kwalba, a ajiye a gida. Inda kwalbar take, can jirgin zai koma komai daɗewa. Taku tana hannun yayarka Wa Nuru (a wajenku "Wa" ake sa wa sunan mace, "La" na namiji), wadda yanzu idanunta suka tafi. Sau nawa na ce ka hau jirgin fasinja ka je ka gan ta? Ka ce da wane ido za ka shiga gidan ubanka ba jirginsa.

Shekara uku muka yi muna gyara shi don ka mayar da shi gida. Ka cire katakon da ya ruɓe ka sa sabo, ka cusa ɓawon itace a kowace tsaga ka bi da ƙaro. Matarka Wa Sarifa ta ɗinke filafilan, ƙyallen da iska ke turawa, har yatsunta suka fashe. Ni aikina miƙo guduma da surutu. Na yi maka alkawarin rakiya, don a shekarunka jirgin ba ya tuƙuwa da kai kaɗai, kuma samarin yanzu ba mai yarda ya bi jirgin da ba shi da inji.

Iskar gabas ce kaɗai ke kai mutum Binongko, kuma a watan Satumba take laushi kafin ta ɗauke. Tun tsakiyar Agusta jirgin ya shiryu tsaf. Mun loda ruwan sha, da dambun rogo, da buhun gyaɗar ƙamshi tsarabar Wa Nuru. A nan zan faɗi abin da ban faɗa maka ba kana raye: tsoro ne ya kama ni. An haife ni a bakin teku, amma ban taɓa yin nisan da zan daina ganin ƙasa ba. Sai na dinga ƙirƙiro dalili. Yau igiyar anka, ƙarfen tsayar da jirgi, ba ta yi mini ba, gobe a ƙara fenti. In ka matsa, in ce mu zagaya gari tukuna, ka yi bankwana da shi da kyau.

Haka na yi ta jan ka kamar baƙo a garin da ka tsufa. Muka hau tsohuwar ganuwar Turawa, muka zauna kan igwar da ta yi tsatsa muna shan shayin kirfa, ina zuba maka labarin waɗanda suka gina ta da waɗanda aka kashe dominta. Kai kuwa idonka na kan ganyen kwakwa, kana duba inda iska ta nufa.

"Malam," ka ce, "waɗannan duwatsun ba inda za su je. Iska ce mai tafiya."

"Haba Yaya, mako ɗaya kawai."

"To, sarkin jarumai. Allah ya kai mu."

Ka yi dariya, kuma tun a ranar na san ka gane. Ba ka taɓa tona mini asiri ba, ko a gaban matarka. Oktoba ya shigo, iska ta mutu, teku ya kwanta kamar tabarma. Ka ce ba komai, sai baɗi. Fentin da ka faɗi da shi a hannu, ni na ce a ƙara shi.

Ni aka sa na kira Wa Nuru a wayar jikarta. Da ta ji murya daga Banda, ba ta bari na gama sallama ba.

"Kun taso? Na sa an share ɗakinsa tun watan jiya."

Na gaya mata. Ta yi salati, ta ce, "Shi ya je inda Baba yake, su sasanta a can. Amma jirgin fa, ɗana? Kwalbar tana nan ƙarƙashin matashina. Yaushe za ka kawo shi?"

Ban san hanya ba, Yaya, a cikin kanka take, ka tafi da ita. Jirgin yana nan inda ka bar shi, rabi da fenti rabi babu, rana ta fara buɗe tsagogin da ka toshe. Kullum ina zuwa in watsa masa ruwan teku, kuma na san ba zai kai baɗi a haka ba.

Allah ya jiƙanka, La Samudi, ya yalwata kabarinka, ya sada ka da mahaifinka cikin yafiya. Ina miƙa ta'aziyya ga Wa Sarifa da 'ya'yanta, da jama'ar Banda da ta Binongko. Allah ya ba Wa Nuru haƙurin da ni ba ni da bakin ba ta. Ni kuma duk wanda ya karanta wannan ya roƙa mini gafara, don wanda zan roƙa yana ƙarƙashin ƙasa.