Usta Fikri Ya Tafi da Murmushin Bahiyya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Rajab, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Usta Fikri Damanhuri, mai yi wa hotuna launi da hannu a kasuwar Attarin ta birnin Iskandariyya, a Masar. A kan kujerarsa aka same shi, buroshi na hannunsa.

Usta, shekara talatin da ɗaya shagona na firam yana jingine da naka. Ni ɗan kasuwa ne, duk abin da aka kawo sai in sa masa katako da gilashi, hoton kyamara ne ko zanen hannu. Na sha gaya maka duka biyun ƙarya ce, ɗaya dai ta fi sauri. Kai kuwa ka ce haske suke kamawa kafin ya wuce, sai dai kyamara ba ta da kunya, shi ya sa ake kawo maka aikinta ka koya mata. Ango mai kunnuwa kamar faranti, ka rage masa su. Uwar sojan da bai dawo ba, yini guda ka zauna tana kwatanta maka kumatunsa, har ka samo kalar da ta sa ta kuka.

Bara ruwan saman da muke samu a nan lokacin sanyi ya ɗigo ta rufin ɗakina, ya cinye hoton matata Bahiyya, wadda ta rasu shekara tara ke nan. Shi kaɗai gare ni, don ba ta son kyamara. Goshi da ido ɗaya suka rage. Na kawo maka ina basarwa, wai firam zan sake. Ka dube ni ka ce, "Ajiye nan, tsohon ɓarawo. Na san fuskarta. Ba ita ke kawo maka abincin da ba ka cancanta ba?"

Wata bakwai kana kansa a hankali. Ka tambaye ni ta wane gefe bakinta ke karkata in za ta yi dariya. Na ce hagu. Washegari na dawo na ce dama. Ranar ce kaɗai ka samu dama a kaina ba ka tsokane ni ba. Ka ce in bari, kai kana tune.

Jiya ɗanka Midhat ya kawo mini hoton. Ido na biyu ya fito, hanci ya fito, ita ce sak. Daga nan zuwa ƙasa farar takarda. Ya ce akwai masu ƙarasawa da kwamfuta. Akwai kam. Za su ba ni baki mai kyau, na wata mata. Ni da na kwana na tashi da ita shekara ashirin da shida na kasa riƙe ta, wanda ya riƙe mini kuma mun binne shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Hajja Zinat, da Midhat da ƙanwarsa Afaf, Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙanka, Usta, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makoma. In ya haɗa ka da Bahiyya a can, ka dube ta da kyau a madadina, hagu ne ko dama.